Ruwan Hawasha da Jarrabawar Muttalib

Duk wanda ya zauna a kambo, wato zangon manoma da ke bayan babbar tur'a, magudanar ban ruwa, arewa da Makwar, ya san Abdulmuttalib ɗan Yakubu, wanda ake kira Muttalib. Dogo ne siriri, ƙafafunsa kullum furu-furu da busasshen taɓo. Ya kai aji biyu a sakandaren Sinnar, sai cikin ubansa ya fara kumbura, ƙarfi ya ƙare. Dole ya dawo ya riƙe hawasha, wato gonar ban ruwa da suke noma wa wani attajiri a raba amfani biyu. Gonar ba tasu ba ce, ƙasar da bukkarsu take kai ma haka. Shekarar da auduga ta lalace, mai hawasha zai nemi wasu hannuwa.

To amma yaron nan taurin kai gare shi, Allah ya sani. Ya je ya yi rajistar shahada, jarrabawar kammala sakandare, a matsayin mai karatu daga gida, wai shi sai ya shiga makarantar likitanci. Ilimin halittu, wanda Larabawa ke cewa ahya, shi ne ƙofar, kuma ba malami ko ɗaya. Littafi guda gare shi, da Larabci, yana karantawa yana fassara wa kansa da Hausa a inuwar bagaruwa. Takarda ta yi masa wuya, sai ya ɗauko tsohon allonsa na makaranta yana zana zuciya da ƙoda, ya haddace, ya wanke. Iya, mahaifiyarsa, ta hana a zubar da ruwan wankin a ƙasa, tunda dai baƙaƙen Larabci ne a jiki. Kifin miya kuwa ba ya shiga tukunya sai Muttalib ya farke shi ya gama leƙe-leƙensa, Iya na tsaye tana tsaki.

A littafin nan ya ga ciwon ubansa, da hotonsa da komai: tsutsa ce daga dodon koɗin tur'a, tana shiga ta fatar mai ban ruwa. Ya gane sarai, ya ji tsoro, washegari kuma ya sake tsunduma ƙafa cikin ruwan, don ba wata hanya.

A shekarar 2004 ruwa ya yi ƙaranci. Audugarsu ta fara sunkuyar da kai, ana ta jira. Tsarin ban ruwa kuwa ba ya sanin uzuri: in an buɗe ƙofa layi ya zo kanka, ka tare naka, in ba ka nan ya wuce gonar gaba. Ana cikin haka jarrabawa ta zo, Muttalib ya rubuta sauran darussa lafiya. Ranar ahya, ya sa farar jallabiya, yana bakin hanya yana jiran lorin Sinnar, sai ga labari: an saki ruwa. Nan take mazan kambo suka watse, kowa ya nufi tasa hawashar, ba mai hannun aro.

Baba Yakubu ya fito da fartanya a kafaɗa, yana tafe yana hutawa.

"Baba, ba ka iyawa."

"Tafi abinka. Ni ad da gonag ga tun ba a haife ka ba."

Muttalib ya hau lorin, zuciyarsa ba daɗi. Hanyar kuwa ta gefen hawasharsu ta bi. Daga sama ya hango tsohon ya sari bakin kwalbati sau biyu, a na uku ya zauna daɓas cikin taɓo, ruwa na wuce shi yana bin layin maƙwabci. Muttalib ya runtse ido, ya buɗe, tsohon bai tashi ba. Ya buga rufin lori, direba ya tsaya yana masifa, ya ce ba zai jira kowa ba.

Da gudu ya isa, ya ɗaga ubansa ya jingina shi da kunya. Lorin bai yi nisa ba tukuna, ƙurarsa na nan, mai gudu zai iya cim masa a gada. Muttalib ya tsaya yana haki, yana kallon bakin tsohon. Kalma ɗaya yake jira, a ce masa koma. Wallahi da an faɗa, da ya koma.

Baba Yakubu ya dubi audugar, ya dubi ɗansa, idonsa ya cika da hawaye. Ya miƙa masa fartanyar.

"Tuɓe rigar tukuna," ya ce, "kar ta ɓaci."