Baƙon da Aka Yi wa Gammo

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da ɗan ƙanena injiniya. Shi aiki ya fito da shi, ni kuwa tun da na ajiye alli ba na ƙin kujerar gaba.

Wata ƙungiyar manoman rani kusa da Fakku ce ta sa ya liƙa wa injin ban-ruwansu na'ura. 'Yar aba ce kamar kwalin ashana, ba ta da waya ko ɗaya. Girgizar inji take ji, ta aika ta iska zuwa wani akwati a kan turke, shi kuma ya adana ya tura ofis. To, an yi makonni layin da take zanawa a kwamfuta yana kwance kamar tabarma. Shugabannin ƙungiya, waɗanda duk a birni suke zaune, suka ce fassara ɗaya ce: dattijon da ke kula da injin ba ya tayar da shi, man yake sayarwa. Har sun yanke a sallame shi, ɗan nawa ya roƙa a bari ya gani da idonsa.

Mun wuce mahaɗar Jabo gari na wayewa, muka karya da kunu da ƙosai a Tambuwal. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga nan muka nufi Kebbe. Akwai wata na'urar a kunne cikin jaka, da muka tsaya shan fura ya nuna mini abin da ta rubuta game da hanyar: layi ne kamar haƙoran zarto. Na ce ai ƙuguna ya riga ta sani.

Babura ne suka ƙarasa da mu ta cikin fadama. Albasa koriya shar hagu da dama, wadda ban ga alamar ƙishirwa a tare da ita ba.

Dattijon ya tarbe mu da ruwan randa, ya kai mu rumfar inji. Ga na'ura nan, an kifa mata ƙoƙo saboda rana. Da aka ɗaga ta, sai ga gammo a ƙarƙashinta, mai kauri, na tsohon zane, an naɗe shi da gwaninta.

Ɗana ya ce, "Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni na, ɗana. Kai kac ce abu mai tsada na, in kula da shi. Injin ga in ya tashi har haƙorana kaɗawa su kai, bale wanga ɗan mitsitsi. Tulu ma gammo a ka yi mai."

Sai a lokacin aka gaya masa abin da ake faɗa a kansa a birni. Ya dubi na'urar yadda ake duban baƙon da aka ba gado ya kai ƙara. Ya ce, "To cire mata. Ta sha wuya ta faɗi gaskiya."

Aka cire, aka liƙa ta a jikin ƙarfe, dattijon ya ja igiyar inji. Layin nan ya miƙe tsaye yana rawa. Ɗana ya ɗauki hoton gammon, wanda mai ya baƙanta, girgiza ta baje shi, ya hau tudu neman sabis ya tura wa shugaba tare da hoton albasa. Amsa ta zo a gajarce: a bar shi a bakin aikinsa, a kuma gaishe shi. Dattijon ya ɗaura mana albasa a bayan babur, ni kuma na roƙi gammon ya ba ni.

Mun yi la'asar a Kebbe, muka shigo gida ana kiran isha, jiki duk ya yi tsami. Shekarun da na yi ina koyarwa, ajin da ya yi tsit nake yabo, ban taɓa tambayar abin da ya hana shi motsi ba. Yanzu in na ji shiru, sai na ɗaga na duba ko akwai gammo a ƙasa.