Duwatsun Malam Sa'idu Sun Sha Iska

Ina neman gafarar iyali da na dame su da takarda a kwanakin makoki.

Ranar Talata, 14 ga Maris 2006, Allah Ya karɓi ran Malam Sa'idu Kabo a gidansa na Zongo. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Malam, shekara tara ina ƙarƙashinka a labo, ɗakin gwajin ma'adinai. Ban yi babbar makaranta ba. Ƙananan takardun da ka riƙa ba ni su ne karatuna. Kai ka nuna mini yadda ake niƙa dutsen tutiya mai kibiritu, a zuba a ruwa da magani, a hura iska, tutiyar ta manne wa kumfa ta taso, tarkace ya kwanta. Ka ce idan niƙaƙƙen dutsen ya jima a sarari, fuskarsa takan yi wata irin tsatsa, kumfa ta ƙi kama shi. Ranar da na bar kwano a buɗe ba ka yi faɗa ba. Cewa ka yi, "Lassane, rufe shi, ba tuwo ba ne."

Saboda haka ka ajiye jaka goma sha biyu na niƙaƙƙen dutse a ɗaure, samfurin aikinka na shekara biyu, cikin sanyin firigon gida, domin na labo ya lalace.

Ranar jana'iza zafi ya tsananta. Aka fitar da jakunkunan, aka kwance su a tsakar gida don a ga mene ne, aka cika firigon da ruwan masu gaisuwa. Ina tsaye ina gani. Na kasa buɗe baki a kan duwatsu alhali gawarka tana ɗaki. Ni ma na sha ruwan.

Jiya na gwada jaka uku. Kumfa ta taso kusan wayam. Ban san gyaran ba, kai ka sani.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajiya Maijidda da 'ya'yanka haƙuri.

Tunda Hajiya tana takaba, ina roƙon babbar 'yarka Rabi'atu ta amsa mini a rubuce:

1. Ko koren littafinsa na gwaji yana gida?

2. Na ƙirga jaka goma sha ɗaya. Idan ɗayar tana ƙasan firigo, don Allah kada a buɗe ta.