Malam Ba-Shi-Da da Kamfanin Kwalba

A gidan jaridar da ya yi wa aiki shekara talatin da ɗaya, babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Malam Ba-Shi-Da ake ce masa, tun daga edita har mai shara. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan layi da ke ƙasan shafinsa na kowace Litinin, da ƙananan baƙaƙe: "Marubucin ba shi da hannun jari a kamfanin da ya yi sharhi a kansa, haka ma iyalinsa." Abokan aiki kuwa, da yake bakinsu ba ya hutawa, suka ƙara masa da nasu: ba shi da mota, ba shi da gida, ba shi da kwat ta biyu. Duk gaskiya ne, shi ya sa bai taɓa jin haushi ba.

Aikinsa shi ne ya duba kamfani ciki da waje, ya gaya wa masu ɗan abin hannunsu ko su sayi hannun jarinsa, ko su riƙe wanda suke da shi, ko su sayar su tsira da na goro. Sana'a ce mai cike da tarko. Da yawa daga masu yinta, kamfani zai kira su cin abinci a otal, a sallame su da ambulan mai nauyi, Litinin ta zo ka ga sharhi kamar kirari. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Wasu ma ba sa jiran ambulan: su saya ranar Alhamis, su yabi kamfanin ranar Litinin, jama'a su yi rububi, su kuma su sayar ranar Laraba suna share baki. Babu dokar da ta tilasta wa kowa ya faɗi abin da ke aljihunsa. Shi ya ƙirƙiro wa kansa layin nan tun yana sabon shiga, har edita na lokacin ya ce ɓarnar wuri ce.

Ubansa direban babbar mota ne, ya ƙare rayuwarsa yana jiran lodi a ƙofar masana'antu. Daga wurinsa ya ɗauki abin da makaranta ba ta koya masa ba. Tsohon yakan ce takarda ba ta taɓa ƙin tawada ba, duk abin da aka rubuta mata za ta ɗauka. In kana son sanin lafiyar kamfani, je ƙofarsa ka ga motoci nawa ke layi, ka zauna kusa da mai gadi ka ji yaushe rabonsa da albashi. Haka Malam Ba-Shi-Da ya yi ta yi. Takwarorinsa suna zaune ƙarƙashin fanka suna kwafar rahoton shekara, shi yana cikin motar haya da ɗan littafinsa a aljihu, zai je ya leƙa bututun hayaƙi. Gani ya kori ji.

Bai yi aure da wuri ba. Matarsa malamar firamare ce, mai yawan dariya da ƙarancin haƙuri da ƙazanta. Gida ɗaya suka kama haya tun farko, ɗaki uku da ɗan tsakar gida, famfon da sai an ɗaure masa wuya da roba yake daina ɗiga. A nan aka haifi 'ya'yansu uku, a jikin ƙofar kicin aka yi ta zana tsawonsu da fensir.

A ofis kuwa mutuminsa ɗaya ne, mai duba rubutu kafin a buga, wanda kowa ke kira Mai Jan Biro. Ya girme shi da shekara goma sha biyu. Teburinsa yana ƙarƙashin matakala, kusa da tagar da ba ta rufuwa, kuma da rula yake karatu, layi bayan layi, leɓensa yana motsi. Ranar farko da Malam Ba-Shi-Da ya kai masa rubutu, takardar ta dawo kamar an yanka kaza a kanta. Ya yi kwana biyu ba ya gaishe shi. A kwana na uku dattijon ya turo masa kujera da ƙafa, ya ce, "Zauna, Ƙane. Lissafi ka iya, magana ce ba ka iya ba." Tun daga ranar suka zama Yaya da Ƙane. Shi ya raka shi neman aure, shi ya riƙe masa kafaɗa ranar da aka binne tsohon direba.

Suna da wata al'ada tasu ta ranar Juma'a, lokacin rufe shafi. Layin nan na ƙasa ba a sake rubuta shi kowane mako, yana zaune a kwamfuta, shi yake shigar da kansa. Amma Mai Jan Biro bai yarda da abin da ke shigar da kansa ba. In ya kai ƙarshen shafi sai ya ɗora bakin biro a kan layin, ya ɗago kai ta saman tabarau.

"Ƙane, layin nan yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

Sannan ya sa hannu. Yaran ofis har kwaikwayonsu suke yi a wajen shan shayi. Shi dai dattijon abin da yake cewa shi ne, abin da bai tambaya ba, ba ya sa masa hannu.

Shekara ashirin da biyu ana haka. A ta ashirin da uku abubuwa biyu suka haɗu a wata guda. Surukinsa ya rasu, matarsa ta gaji hannun jari masu yawa a kamfanin kwalba inda tsohon ya yi aiki har ya zama shugaban ma'aikata. Mai gidan da suke haya kuma ya aiko cewa zai sayar da gidan, ya ba su zuwa ƙarshen wata, in ba su iya ba akwai mai so. Abin da ta gada zai kusan sayen gidan, in an sayar a farashin ranar. Sai dai dillali ya ce ba a sayarwa sai an mayar da takardun da sunanta, wannan kuwa mako biyu ne cif.

Kamfanin da ke kan layin sharhi a makon, wanda tun farkon wata aka sanar wa masu karatu, shi ne kamfanin kwalba.

Ya je, kamar yadda ya saba. Bututu uku, ɗaya kawai ke hayaƙi. Mota biyu a ƙofa, direbobinsu suna barci a ƙarƙashi. Mai gadi ya ce wata biyu ke nan ana ce musu albashi sai gobe. Wani magini da ke gyaran katanga ya tsegunta masa cewa kamfanin lemon da ke sayen yawancin kwalaben ya koma zuba lemonsa a roba. Ya dawo ofis ya rubuta abin da ya gani tsaf, ya ƙare da cewa mai hannun jari a nan ya nemi ƙofa tun da sauran haske. Ya karanta, ya ga ya yi kyau, ya kuma ga gidansu ya tafi, domin in aka buga, farashin zai faɗi kafin matarsa ta iya sayarwa. Ya ninke takardar ya sa a aljihun tebur.

Hanyoyin gaskiya a buɗe suke, kuma ya san su duka. Yana iya bugawa ya gyara layin ƙasa, ya ce iyalinsa suna da hannun jari a nan. Yana iya gaya wa edita a ba wani ya rubuta. Bai bi ko ɗaya ba. Ya zauna ya haɗa wani sharhin daga rahoton shekara, irin wanda ya yi shekaru yana raina masu yinsa: kamfani ne mai tarihi, bai taɓa fasa raba riba ba, mai shi ya riƙe, mai neman wurin ajiya na dogon lokaci yana iya dubawa. Babu jimla ɗaya ta ƙarya a ciki, ya yi ta gaya wa kansa haka. Mako biyu kawai zai ara, sannan ya buga na gaskiyar. Kuma ai takardun har yanzu sunan mamaci ne a kansu, ba na matarsa ba. Mutum in yana son ya yaudari kansa, ba ya rasa lauya a cikin ƙirjinsa.

Juma'a ta zo, biro ya sauka a kan layin.

"Ƙane, layin nan yana nan?"

"Yana nan, Yaya."

"Ka je ka gani da idonka?"

"Na je."

Aka sa hannu, aka buga. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya iya haɗiye shi. Amma Juma'ar da ta biyo baya, bayan an rufe shafi, Mai Jan Biro ya jawo shi gefe yana murmushi kamar yaron da ya ɓoye alewa. Saura masa wata guda ya yi ritaya, an riga an ba shi kuɗin sallama.

"Shekara ashirin da biyu ina karanta ka, ban taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya ba," in ji shi. "Na ce bari in bi maganar Ƙane sau ɗaya kafin in tafi. Na zuba su duka a kamfanin kwalba. Ko ya ka gani?"

Takardar gaskiya tana cikin aljihun tebur, taku biyar daga inda suke tsaye. Kalma ɗaya ta isa: sayar. Amma in ya ce sayar, za a tambaye shi dalili, dattijon kuwa ba ya iya riƙe abin da ya shafi shafin da ya sa wa hannu, kafin Litinin edita ya ji, kafin Talata kasuwa ta ji. Saura kwana shida takardun matarsa su fito. Ya lissafa cewa ranar Alhamis, da zarar an sayar, zai je har gida ya ce masa ya fitar da kuɗinsa.

"Allah ya sa albarka, Yaya," ya ce.

Ranar Alhamis da safe aka sayar da na matarsa. Ranar Alhamis da azahar, kafin ya gama shawarar da wane baki zai fara, kamfanin ya sanar da rufe masana'anta, aka dakatar da cinikin hannun jarinsa. Ba a sake buɗewa ba.

Abin takaici, babu abin da ya same shi. Edita ya ce kowane gwani yana da ranar kuskure. Masu karatu suka yi ƙorafi na mako biyu suka manta. Mai Jan Biro ma shi ya zo yana ba shi baki: "Kada ka sa wa ranka, Ƙane, kai ba ka san gaibu ba." Wannan maganar ta fi zagi ciwo, kuma ya tsaya ya karɓe ta. Suka sayi gidan. Ya sa aka canja famfon, aka yi fenti. Ya ci gaba da sharhi shekara tara, layin yana ƙasa, kowane mako gaskiya ne, amma bai ƙara iya kallonsa ba. Sabon mai duba rubutu bai taɓa tambayarsa komai ba.

Dattijon kuwa shirinsa na gina ɗan shago ya rushe. Ya saki gidan da yake haya, ya koma ɗakin baya a gidan 'yarsa, yana duba rubutun ɗalibai ana ba shi abin da ya samu, har idanun suka gaza. Malam Ba-Shi-Da yakan aika masa da ɗan abu ta hannun mutane, amma ƙafarsa ta yi nauyi. Da farko duk wata yake zuwa, daga baya sai shekara.

Sai da ya yi ritaya ya gaya wa matarsa, wata rana da hantsi tana shanya a tsakar gida. Ta saurare shi har ƙarshe da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Malam, ka tambaye ni a lokacin?" ta ce. "Da ka tambaye ni, da na ce mu kwashe kayanmu. Haya muka saba, ba ta kashe mu ba. Da sunana ka yi wannan, ni ban sani ba." Ta yarfe zanen. "Ba ni za ka gaya wa ba. Mutumin yana da rai."

Washegari ya tafi da tsohuwar takardar a aljihu, ta yi ja, ninkin ya kusa tsagewa. 'Yar ta shigar da shi ɗakin baya. Dattijon yana zaune a bakin gado, ya rame, rediyo a kan cinya. Da jin muryarsa fuskarsa ta washe, ya lalubo hannunsa ya riƙe, yana faɗan rashin zumunci.

"Yaya, na zo da rubutu ne."

"To karanta. Ido ya tafi, kunne yana nan."

Ya karanta masa duka: bututu uku, mota biyu, mai gadi, kamfanin lemo. Ya faɗi ranar da ya rubuta. Ya faɗi gadon, da gidan, da kwana shidan. Bai rage komai ba, bai kuma nemi uzuri ba, domin ya daɗe da sanin babu. Ya ce zai sayar da gidan ya mayar masa da abin da ya rasa, matarsa ta yarda.

A hankali dattijon ya zare hannunsa ya mayar kan rediyo.

"Rubutun ya yi kyau," ya ce. "Da ka kawo mini shi, da ban taɓa ko waƙafi ba. Gidan kuma ku zauna abinku, ni ina zan kai kuɗi yanzu? Na yafe tun ban san akwai abin yafewa ba." Ya ɗan yi tari. "Abu ɗaya ne. Shekara tara duk wanda ya zage ka a gabana, sai na tashi na rama maka. Har da mijin yarinyar nan, a gidansa, ina cin abincinsa."

Malam Ba-Shi-Da ya ninke takardar. Ya ji a ransa da duka aka yi masa da ya fi sauƙi.

Dattijon ya juya fuska wajen ƙofa ya kira 'yarsa. Ta leƙo tana goge hannu.

"Zo ki raka baƙon nan," ya ce. "Ya gama."