Batirin da ya kai la'asar

"Wanne ya fi riƙe wuta?" Haka maigidana ya tambaye ni, ya turo min batirin sola guda biyu, babba da ƙarami, duka cike da caji.

Kwanana uku da barin Diggi na zo shagonsa a Kalgo. Ya riga ya faɗa min: in mako ya cika ban iya komai ba, in koma gona.

Ya miƙo min mitar awon wuta. Wallahi lambobin rawa suke min, don a aji uku na firamare na tsaya.

Sai na jona wa kowanne fanka iri ɗaya, na ja layi a ƙasa inda inuwar rumfa take, don in gane tsawon lokacin da kowanne zai yi. Babban ya mutu kafin azahar. Ƙaramin kuwa har la'asar fankarsa na juyawa.

"Kai yaro, wanga zane na mene ne?"

"Maigida, a gida ba mu sanin ƙarfin bijimi sai ya ja garma mun ga inda ya tsaya."

Ya yi dariya har da tari. "Gobe ka yi sammako, in koya maka lambobin."

Na kira Inna na ce ta ba ƙanena fartanyata.

Ku fa, wane sani na gida ya taɓa cetonku a baƙon wuri?