Cokali Na Takwas

Ku masu karatu, ni ba marubuci ba ne, aji huɗu na yi a elementare a Yawuri aka cire ni, saboda haka wanda ya zo neman Hausa mai zaƙi ya nemi wani. Abin da zan faɗa da ni ya faru, ni ɗin nan, ba a bakin wani na ji ba, a Ibadan, ina zaune a Sabo, unguwar Hausawa, shekarar da aka fara yaƙin basasa. Na rantse da Wanda raina yake hannunsa ban ƙara komai ba. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba kuma ba shi yake ciyar da ni ba.

Kafin ƙasa ta rikice, kuku nake yi wa wani Bature a unguwar Turawa ta Jeriko. Shekara bakwai ina soya masa ƙwai. Da ya tashi tafiya ya sayar da motarsa, karensa ya ba wani Bature ɗan'uwansa har da hawaye, ni kuwa sai ya miƙo mini sandar fatsa da ɗan injin nan na naɗe zare da ake ɗaura mata a gindi, ya bubbuga kafaɗata. Shi ke nan, sallamar shekara bakwai. Injin nan keke nake ce masa, don hannu gare shi da ake juyawa kamar feda.

A lokacin Sabo ta yi sanyi. Shanu sun daina saukowa yadda suka saba, jirgin ƙasa yau akwai gobe babu, masu ɗaurin goro suna zaune a inuwa suna korar ƙuda, wasu sun kwashe iyali sun yi Arewa. Ni ban tafi ba, me na bari a can? Amma ni ɗan Sarkawa ne, masunta, a cikin jirgin ruwa aka yaye ni, sai na saɓa sandar nan na nufi madatsar ruwa ta Eleyele a ƙasa. 'Yan ƙofar masallaci suka yi ta dariya, wai ga baƙin Bature zai tafi shaƙatawa. To, matata Asabe ta riƙa soya abin da na kamo da yaji, matan unguwa suna aikowa har cikin gida suna saye, kuma wallahi masu dariyar nan da kifina suka riƙa cin tuwo. Keken nan shi ne gonarmu, shi ne rumfarmu, ba mu da wani abu bayansa.

Shi ya sa nake kula da shi fiye da yadda nake kula da kaina. Duk ranar da na dawo sai na shimfiɗa farin ƙyalle, in kwance shi, in jera 'yan ƙarafunan bi da bi yadda suka fito don kada in ruɗe wajen mayarwa, in wanke su da kananzir, in bar su su sha iska, sannan in ɗiga musu man keken ɗinki da gashin kaza, ɗigo ɗaya ɗaya. Kada wanda ya ce muku man gyaɗa ko manja zai yi, daskarewa yake ya kira tururuwa. Zaren kuma a inuwa ake shanya shi. Kuma ba a ajiye keke a kan yashi, ko na ƙiftawar ido, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cinye haƙoran ciki.

Abubuwan yaudarar kifi da Baturen ya bar mini tare da sandar ba su yi wata biyu ba itatuwan ƙarƙashin ruwa suka cinye su, sai na koma ƙera nawa da cokali. In sayo cokalin shayi, in yanke mariƙin, in huda sama da ƙasa da ƙusa, in sa ƙugiya mai baki uku, in ɗaura mata ɗan jan zare, in yi zane uku a bayan cokalin, shaidata ke nan. In ruwa ya gurɓace ko akwai hadari, farin cokali mai ƙyalli za ka jefa. In rana ta take, ruwa ya yi garau, sai na jan ƙarfe, don farin yana firgita su. Ka jefa gefen ciyawa ko gindin kututture, kada ka naɗe zaren a jere kamar mai saƙa, ka naɗa, ka tsaya, ka ɗan fizga, ya yi kamar ƙaramin kifi mai ciwo. Kifin nan da ake kira tufi ba ya iya haƙuri da wannan. A shekara guda da 'yan watanni cokali bakwai ruwa ya ci mini, na san adadinsu don kowanne sai da na yi zagi.

Yanzu ga inda maganar take. Ubana, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tafiya gida da kifin farko ba, mayar da shi yake ya ce rabon ruwa ne. Ni na bar wannan, don malaman Sabo sun ce shirka ce, kuma gaskiya ko ba su faɗa ba, mai yunwa ba ya mayar da kifi. Akwai wani tsohon Bayarabe mai kwale-kwale a wurin, Baba kawai nake ce masa, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana ya ɗaga cokalina ya jujjuya, ya kira ni da sunan da Yarabawa suke kiran Bahaushe, ya ce, "Gambari, wannan kifi ya ci me?" Na ce bai ci komai ba, Baba, dabarar ke nan. Ya girgiza kai ya ce, "Kai ɗauka ɗauka, ba ka bayarwa. Ba kyau." Na ce Baba je ka ji da ramin da ke cikin jirginka.

Ranar wata Talata ce bayan damina, rana tsaka, ko inuwa babu. Ina wani lungu da kututturai suka yi yawa, tun safe ko taɓawa ba a yi ba. Sai na ji an yi mini sallama daga gabana, daga cikin ruwa fa, ba daga tudu ba. Na ɗaga kai, ga mutum tsaye, ruwa iya gwiwarsa, dattijo, siriri, da 'yar shara fara. Abin da ya fara damuna shi ne na san wurin nan, na sha jefa cokali a nan, gorar tuƙa jirgi biyu ba ta taɓa ƙasa. Na biyu kuma, da ya buɗe baki Hausar garinmu ce, ta bakin kogi, wadda rabona da jin ta tun ina saurayi, kuma ya kira ni da sunan da kakata kaɗai take kirana da shi, wanda ko Asabe ba ta sani ba.

Abin da na riƙe daga maganarsa, ya ce, "Mai tana yana ciyar da goma kafin ya kama ɗaya. Mai taru yana barin ƙanana. Kai ƙarfe kake ba su. Ɗan Sarkawa, haka aka koya maka?"

Bakina dai bai mutu ba. Na ce, "Baba, ruwan na Allah ne, kifin na Allah ne. Kai wane ne?"

Ya miƙo hannu, tafin a bushe ƙayau, ya ce, "Kawo abin juyawar nan. Ka ci abin da ka ci, a bar shi haka."

Kai! Wato in ba shi keken. In koma Sabo hannu biyu, in zauna a ƙofar masallaci tare da masu dariya, Asabe ta kife kaskon suya. Na ce, "Bature ya cuce ni shekara bakwai, wannan kaɗai na fita da shi. Ba na bayarwa. In kai mutum ne ka je ka yi naka aikin kukun, in kuma ba mutum ba ne, A'uzu billahi." Na karanta abin da ya zo bakina, na ɗaga sanda na wurga cokali dab da gefensa don ya san ba tsoronsa nake ji ba, alhali ina ji.

Cokalin bai gama nutsewa ba aka fizge shi. Keken ya yi ƙara, zare yana fita kamar zai kama wuta, na sassauta birki yadda ya kamata, don in ka ɗaure wa babban kifi birki zare ne zai tsinke. Na duba inda dattijon yake, babu kowa, ko da'irar ruwa babu. Na fi rabin awa ina fama, in ja ya ja, har na kawo shi gaɓa. Giwan ruwa ne, jama'a, tsawonsa ya kai ƙirjina. Baba mai kwale-kwale ya taɓa gaya mini tun da aka tare ruwan nan ba a taɓa ganin giwan ruwa a ciki ba.

Na buɗe bakinsa zan cire ƙugiya, sai na ga babu ƙugiyata a jikinsa ko kaɗan, zaren kawai ya riƙe, cokalin da na jefa yana lilo a waje. A cikin bakin kuwa, ga cokula a jere a leɓensa na ƙasa, bi da bi, yadda nake jera ƙarafuna a kan ƙyalle. Na ciro su ɗaya ɗaya. Nawa ne, ga zane uku a bayan kowanne, bakwai ɗin nan da ruwa ya ci, ba tsatsa ko ɗigo, kuma wallahi tallahi warin man keken ɗinki suke yi. Sai ga na takwas. Shi ma an yanke mariƙinsa, an huda shi, an sa ƙugiya da jan zare, ga zane uku irin nawa. Amma ban taɓa ƙera shi ba. Gefensa a cinye yake ta hagu, kuma na san cokalin da ya cinye haka, na Asabe ne na kayan aurenta, wanda take kankare ƙanzo da shi, da safen nan na bar ta tana motsa koko da shi.

Ina cikin kallonsa kifin ya yi juyi ɗaya ya koma ruwa. Ban bi shi ba. Na ƙulle cokulan a hula na kama hanya, har unguwar Mokola, dab da Sabo, ban waiwaya ba.

Ina shiga gida, kafin in yi magana, Asabe ta ce, "Malam, yau na ga abin mamaki. Da azahar ina ɗauraye cokalina a bakin randa ya suɓuce ya faɗa ciki. Na sa hannu, babu. Na juye ruwan kaf, na kife randar, babu." Ni kuma, da wautata, sai na kwance hula na nuna mata. Ta dube shi, ta dubi randar, ta ja da baya har ta bugi bango.

Da na ba ta labari ta ce, "Ka mayar masa. Ka kai masa keken gobe."

Na ce, "Mu ci me?"

Ta ce, "Malam, hannunsa ya shigo har ɗakina. Yau cokali ya ɗauka. Ni kullum hannuna yana cikin randar nan."

Na ce ba wanda zai yi mini fashi da rana tsaka, mutum ne ko aljan. Washegari na koma lungun nan da keken a hannu, na tsaya a gaɓa na ɗaga shi sama na ce ga ni, ga shi, mai so ya fito ya karɓa. Ba abin da ya motsa. Na yi ta jifa har la'asar. Daga ranar, ko da cokali, ko da tana, ko da gara, kifi bai sake taɓa zarena ba, a Eleyele ko a wani ruwa. Baba mai kwale-kwale yana ganina sai ya juya jirginsa.

Asabe ta yi sati uku ba ta kusanci randa ba, ta ce ruwan ƙarnin kifi yake yi. Na fasa randar na sayo sabuwa, ta ce duk ɗaya. Ni ma na ji ƙarnin, amma ban faɗa mata ba. Ranar da ta samu motar goro mai zuwa Kwantagora ta ɗaure kayanta ta ce, "Ko keken ko ni." Na ce ta gaida mutanen gida. Ba ta dawo ba, na ji ta yi aure, ta haifi biyar.

Mutane sun sha ce mini da ka jefa masa ka huta. To ban jefa ba, kuma ko yau ya fito ba zan bayar ba, abina ne. Gadi nake yi yanzu, fiye da shekara ashirin keken nan bai ga ruwa ba, yana cikin akwati a naɗe da ƙyalle. Duk Juma'a ina kwance shi in share in sa mai, kuma duk Juma'a sai na tarar da yashi a ciki, jiƙaƙƙe. Na kai wa malamai biyu, kowa da abin da ya faɗa, ba wanda ya gamsar da ni.

Ku masu zuwa fatsa, ku wanke kekenku, ku sassauta birki, kada ku ajiye shi a yashi. In kuna jefa cokali, ku san dai ba ku ba kifi komai ba, abin da za ku yi da wannan ya rage naku, ni ba malami ba ne. In kuma aka yi muku sallama daga inda kuka san ƙafa ba ta taɓa ƙasa, kada ku tsaya gardama irin tawa sai in kun shirya zama ku kaɗai. Ni ɗakina ba randa, a famfo nake sha, koko ma a bakin kwano nake kurɓa. Cokulan suna cikin gwangwani, in na gama da keken sai in zube su in duba. Zuwa Juma'ar da ta wuce dai takwas ne.