Kunnen Alƙasim Mai Injin Niƙa

Duk Tamaske an san Alƙasim mai injin niƙa, an kuma san shi da taurin kai. Shekara ashirin da shida yana tsaye gaban inji ɗaya, wanda ya sayo da ya dawo bida, wato ci-rani, daga Abijan. Da kunne yake aiki. Ƙara ta ɗan sauya, ya san inda ciwon yake.

A jikin injin akwai wani ɗan ƙarfe, regilatar, mai rage gazuwal, man injin, in gudu ya yi yawa. Ranar da ya lalace, Mahdi makanike ya ce a tsai da aiki sai an kawo sabo daga Tawa. Alƙasim ya ja tsaki, ya ɗaure shi tamau da robar taya.

"Ni ne regilatar," in ji shi. "In na ji ya ɗauki gudu, in kashe shi."

To, da wane kunnen? Injin ya daɗe da cinye shi! Leɓen mutane yake kallo yana gyaɗa kai, kuma ba wanda ya gane sai matarsa Jima. Ita kuwa mace ce mai kunya irin ta da. Shekara talatin da aure ba ta taɓa kama sunansa ba, ko ɗan maƙwabta mai sunan sai ta ce "mai sunan maigida".

Ta tsaya gabansa don ya ga bakinta. "Maigida, don Allah ka jira ƙarhen nan. Kai fa ba ka ji."

"Wa ac ce ban ji?" Ya shuri takalmansa ya fita.

Jajibirin Sallah kwanonin hatsi suka yi layi har bakin hanya. Yana lungu, ya ba injin baya yana tace gazuwal, sai igiyar da ke juya niƙa ta tsinke. Injin ya rasa nauyi, ya ɗauki gudu, ba abin da zai tare shi. Kukansa har kasuwa an ji. Mata suka watse da salati. Jima, da ta kawo masa fura, ita kaɗai ta kutsa ciki.

Shi sai a tafin ƙafa ya ji ƙasa na rawa. Kafin ya gama juyowa, babban faifan ƙarfen injin ya tarwatse. Wallahi ko ƙwarzane bai samu ba. Jima kuwa ba ta kai asibitin Keita da rai ba.

Ranar sadakar uku Sa'ida maƙwabciyarsu ta zo gaisuwa. Ta durƙusa, ya zuba wa leɓenta ido.

"Malam, sau ukku tak kira ka. Da sunanka, gaban kowa."

"Da sunana?"

Ta gyaɗa kai.

Can ya matso da kunnensa, ya ce, "Sa'ida, don Allah, ƙaƙa taf faɗe shi?"