Gayyar Talabijin a Gonar Gyaɗata

Duk shekara idan lokacin gasar waƙar ƙasashe ya zagayo, jikokina sukan cika ɗakin da talabijin yake su hana kowa sakat. Kafin a fara, masu shirin sukan waiwayi tarihi, su hasko tsofaffin hotuna marasa launi na shekarun farko. A ciki akwai wani ɗan guntu: maza ba riga sun duƙa suna noma, ƙasa na tashi, wani dogo yana bin su da ganga a rataye. Yaran sai su ɗau ihu, wai ga mutanenmu. Ni kuwa tashi nake yi in fita tsakar gida in tofar da yawu. Dogon nan yayana ne, gonar kuma tawa ce.

Yadda aka ba mu labari, wani gidan talabijin ne a ƙasar Turawa ya ƙirƙiro abin, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. A lokacin ba a kwasar mawaƙa a jirgi a kai su dandali mai fitilu kamar yadda ake yi yanzu. Mutane ake aikowa ƙasa-ƙasa da na'ura, su ɗauki hoto da murya, su koma can a haska wa jama'a, alƙalai su zaɓi gwani. Mu a ƙauyenmu da ke gefen Burumburum, rediyo ma ba kowa ya taɓa gani ba, balle wani akwati da mutum ke motsi a ciki. Amma da aka ce Turawa za su gan mu a gidajensu, sai ka ga dattijo da furfura yana gyara zaman hula.

Mahaifinmu makaɗin noma ne, kuma manomi. Da ya rasu, Yaya ya ɗauki gangar, ni na ɗauki fartanyar da irin gyaɗarsa. Wata jar gyaɗa ce mai yaɗo, ƙwayarta ƙanana, ga mai ga zaƙi. Tun daga kakanmu take gidanmu. A shekarun nan na dalar gyaɗa kowa ya watsar da tsohon iri ya koma wanda 'yan awo suka fi so, har ta kai daga Tudun Wada zuwa Doguwa ban san wani gida da ya rage da irin tamu ba. Shekarar da nake ba da labari ban daɗe da aure ba, na samu gona tawa ta kaina a bakin hanya, na kwashe irin kaf na shuka a cikinta don in yawaita shi. Ko ƙwaya ban bari a rumbu ba.

Gyaɗar ta yi kyau har ana tsayawa kallonta. Na yi noman fari, na yi maimai, ta rufe kunya ruf, ta yi fure ta zubar, ta soma saka 'yan fararen jijiyoyin nan cikin ƙasa, waɗanda a bakinsu 'ya'yan ke ƙulluwa. Daga wannan lokaci ba a kai mata ƙarfe. In ka ga ciyawa, da hannu za ka cire ta, kana tafiya kana kallon inda za ka ajiye ƙafa. Wannan ba wani ilmi ba ne, duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san shi.

Ana haka mai gari ya aiko kirana. Na same shi a zaure da wani malamin ofis daga birni, mai farar riga da agogo, wanda shi ne tafintan baƙin. Yaya na zaune a gefe yana murmushi shi kaɗai. Ashe malamin ya taɓa jin kiɗansa a wata gayya wajen garin Ƙofa, shi ya kai sunansa.

Mai gari ya ce, "Abin alheri ya same ku. An zaɓi waƙar yayanka, kuma an zaɓi gonarka. Mota na iya zuwa har bakinta, ga ɗorawa a baya, ga shi ta fi ta kowa kore."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gyaɗar ta riga ta saka. In aka taɓa ta yanzu, an kashe ta."

Ya ce, "Wa ya ce za a taɓa ta? Ai wasa za a yi. A ɗaga fartanya a sauke a kwari, a hankali. Hoto kawai ake so. Ko kana so Bature ya zo tun daga ƙasarsu a ce masa wani yaro ya hana?"

Na dubi Yaya ko zai sa baki. Ya ce, "Haba auta, ni fa zan riƙe gangar. Gyaɗar Baba ce, zan bari a ɓata ta?"

Na fito raina a jagule. Ban yarda ba, amma ba a tambaye ni yarda ba.

Ranar da suka zo, tun da hantsi garin ya tashi kacokan ya koma bakin gonata. Turawa biyu ne, ɗaya babba mai jan wuya, ɗaya mai leƙa na'urar da aka kafa a kan ƙafafu. Majiya ƙarfin garinmu sun zo wasu da rigunan Sallah, aka ce su tuɓe, Bature ba riga yake so ba. Suka tuɓe suna dariya. Mutanen da in ka ce su cire hula a kasuwa sai an yi shari'a, ga su suna ninke riga suna miƙa wa mata. Wani ma ya shafe ƙirjinsa da man shanu don ya yi ƙyalli. 'Yan mata suka jeru ƙarƙashin ɗorawa, Fulanin rugar da ke bayanmu suka bar shanu suka zo kallo.

Aka jera mutane a bakin kunya, aka ce a fara. Gaskiya da farko wasan suka yi. Suna ɗaga fartanya suna saukewa kamar masu tsoron kada su tashi jariri daga barci. Yaya na kaɗawa yana waƙa, amma ni da na san muryarsa na san babu komai a cikinta. Babban Baturen ya ɗaga hannu aka tsaya. Tafinta ya ce wai babu rai a ciki, wai a ƙasarsu ba wanda zai zaɓi wannan. Aka sake, haka. Aka kuma sakewa, haka. Na ji ɗan sanyi a raina, na ce watakila su gaji su tafi.

Sai na ga Yaya ya gyara ratayar ganga, ya goge fuska, ya dubi na'urar. Ni bai dube ni ba.

Wanda bai tashi a ƙasar noma ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Kowane manomi na kirki yana da takensa a ganga. Idan makaɗi ya buga maka shi a gaban jama'a, ya ambaci gonar ubanka da ta kakanka, to ba ka da zaɓi, sai ka sari ƙasa. In ka tsaya, gobe a bakin rijiya za a ce ba ka gaji ubanka ba. Ba a yi wa take wasa, kuma babu makaɗin da bai san haka ba. Yaya ya fi kowa sani, don a gaban Baba ya koya.

Taken sarkin noma ya fara bugawa. Tsohon ya yi wata irin ƙara, ya ɗaga fartanya sama ya kafta ta a tsakiyar kunya. Na ga gindin gyaɗa ya tashi sama, fararen jijiyoyinsa a waje. Kafin in buɗe baki Yaya ya juya kan taken wani saurayi daga unguwar gabas, wanda kowa ya san shi da sarkin noma ba sa ga maciji a fagen gayya. Shi ma ya faɗa. Daga nan sai sauran suka rufa musu baya, kowa na neman ya riga ɗan'uwansa kai ƙarshen kunya. Mata suka ɗau guɗa. Muryar Yaya ta buɗe, ban taɓa jin ya yi waƙa kamar ta ranar ba, kuma wannan na cikin abin da ya fi ƙona mini rai.

Na ruga cikin gonar ina ihu, "Ku tsaya! Don Allah ku tsaya!" Ko mutum ɗaya bai ɗago ba. Mutanen mai gari biyu suka cafke ni suka ja ni baya. Ɗayan ya ce, "Kai, ba ka da hankali? Kana shiga hoto!"

Ba zan ɗora wa Baturen abin da bai yi ba. Da aka kai ƙarshen gona ya ga ganye a kwance, ya sunkuya ya ɗauki gindi ɗaya ya juya shi, ya yi wa tafinta magana. Tafinta ya tambayi mai gari wai ko ba a yi wa mai gona ɓarna ba. Ina tsaye ina ji mai gari ya ce, "Ina! Ai taimakonsa aka yi. Haka muke yi a nan." Dattawan da ke wurin suka gyaɗa kai. Kowannensu yana da gyaɗa a gonarsa, kowannensu zai iya fasa kan wanda ya shiga masa ita da fartanya a watan nan. Da Baturen ya ji haka sai ya ce to, tunda girgije ya rufe rana a na farkon, a sake a ɗaya ɓarin da ba a taɓa ba. Aka sake.

Bayan motar ta tashi, mutane suka zube ƙarƙashin ɗorawa suna haki, suna gardamar wanda na'ura ta fi daɗewa a kansa. Sai wani maƙwabcinmu ya waiwayo ya ce da ni, "To mai gona, ina furar?" Wai ai al'ada ce, mai gona ke ciyar da 'yan gayya. Kuma ba ba'a yake yi ba, da gaske yake. Na dubi bakinsa. Na juya na tafi gida, washegari aka yi ta yawo da ni a gari wai na yi rowa.

Kwanakin da suka biyo baya ni da matata muka yi ta rarrafe a gonar muna mai da abin da zai mayu, muna tura ƙasa da hannu. Yawanci ya bushe a kwana biyu. Abin da ya rayu kuma ganye kawai ya yi. Yaya bai leƙo ba ko sau ɗaya. Kiran kiɗa ya yi masa yawa, yau yana Kiru, gobe yana Bebeji, ko'ina ana son a ga makaɗin da Turawa suka ɗauka.

Da kaka ta yi muka cire. Harawa dai akwai, ta awaki. 'Ya'ya kuwa sai holoƙo, ka matsa ɓawo ya fashe ba komai a ciki. Muka bi gonar da roro har sai da farcenmu ya yi ciwo. Inna, mahaifiyarmu, ita ta karɓi ɗan abin da muka tara. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta yi kwanaki tana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya, idonta ga shi ya fara rauni, tana kai kowace ƙwaya kusa da fuska, tana ware masu rai. Abin da ta samu bai rufe tsakiyar faifai ba. Ta ce, "Kada ka damu. Wannan ma iri ne. A bayan ɗaki za mu shuka, in sa ido a kansa da kaina, shekara uku ka ga ya dawo." Ranar ce na fara cin tuwo da daɗi tun bayan zuwan motar.

Ran kasuwar Tudun Wada Inna ta baza shi a faifan a tsakar gida don ya ƙara shan rana kafin a ɗaure, ta tafi unguwar gabas gaisuwar rashin lafiya. Ni ina wajen kai harawa bisa rumfa a bayan gida. A ranar ne Yaya ya haɗu da tafintan nan a kasuwa, ya gaya masa an haska waƙarsa a can. Ba ta ci ba, wata ƙasa ce ta ci, amma an ce mutane sun tafa. Bai tsaya ko'ina ba sai gidanmu, don ya ba Inna albishir. Da bai same ta ba sai ya jawo tabarma ya zauna jiranta kusa da faifan, yana ba da labarin da ƙarfi don matata ta ji daga cikin ɗaki.

Matata tana ganinsa ta bayan asabari. Amarya ce, shi kuma wan miji, ko gaisuwa daga nesa take yi masa a durƙushe. Ba ta da bakin da za ta ce masa ya ɗauke hannu daga abinci a gidan uwarsa. Ta ce mini daga baya ta yi tari, ta saki ƙwarya a ƙasa, duk bai waiwayo ba. Sai ta zaga ta baya da gudu ta kira ni.

Na shigo na same shi yana murza na ƙarshe a tafin hannu, ya hure jan ɓawon, ya watsa a baki. Ya karkaɗe hannunsa a riga, fuskarsa cike da fara'a.

Ya ce, "Auta, ka ji labari? An tafa mana a ƙasar Turawa!" Ya tsotsi haƙori, ya dubi faifan. "Kai, wannan gyaɗa da zaƙi take. Ta Baba ce ko? Don Allah in damina ta zo ka ɗibar mini iri."